Ruwan Talwar

Duk wanda ya taɓa kai gatari maƙera ya san tambayar da ake yi masa: ruwan kaɗai za a gyara, ko har da ƙota? Mun saba jin ta har ba ma tsayawa mu yi mamaki. Ƙarfe ne da ya sha wuta, aka dake shi a kan uwar maƙera har ya yi taurin da zai kayar da gawo, amma Bahaushe ya dube shi ya ce ruwa. Ruwan gatari, ruwan fartanya, ruwan wuƙa, ruwan takobi. Na daɗe ina ɗaukar wannan baiwa ce ta harshenmu mu kaɗai, irin abin da mutum ke ajiyewa don ya nuna wa baƙo. Sai da karatu ya kai ni ga takobin mutanen Indiya, wanda suke kira talwar, na tarar can ma ruwan ne ya cika bakin masu shi, har ya fi namu ambaliya.

Da yawanmu mun ga talwar tun kafin mu san sunanta. Wanda ya tashi da kallon finafinan Indiya, a sinima ne ko a gaban talabijin ɗin maƙwabta, ya san lokacin da sarki mai rawani da gashin tsuntsu zai kai hannu ƙugu ya zaro wani takobi mai ɗan doro, kaifinsa gefe ɗaya, a gindin ƙotarsa ga wani faifan ƙarfe kamar marfin ƙaramar tukunya. Na baya-bayan nan za su tuna fim ɗin Jodhaa Akbar na 2008, inda sarki da amaryarsa suka gwada juna da takubba a tsakar fada, kowannensu yana auna zuciyar ɗayan ta kan ƙarfe. Mu dai takobi muke cewa, idonmu kuwa ya fi sabawa da namu, miƙaƙƙe sambal mai baki biyu, wanda ake ratayawa da hamila ranar hawan salla. Na Indiya a ƙugu ake ɗaura shi. Shi ya sa ma kubensa ake ce masa miyan, kalmar Farisanci mai nufin tsakiya, wato tsakiyar jikin mutum.

Sunan tsoho ne. Daga Sanskirit ya gangaro, inda ake cewa taravari, takobi mai baki ɗaya, ya shiga Hindi da Urdu da Punjabi da Marathi da Gujarati, kowane harshe ya ɗan murɗa shi daidai bakinsa. A wurin masu waɗannan harsuna, kowane irin takobi talwar ne. Baƙi ne, masu tara kayan tarihi da masu rubuta 'yar takardar da ake mannawa a jikin gilashi, suka ƙuntata kalmar ta koma sunan samfuri guda. Haka aka yi wa tamu: a gidajen tarihi na Turai, takuba suna ne na irin takobin Buzaye da Hausawa kaɗai, alhali mu ko Zulfikari na Sayyadina Ali muka tuna, takobi za mu ce. Akwai kuma dalilin da ya sa nake ce mata "ita" a wannan rubutu. A Hindi da Urdu talwar mace ce. Shamshir, 'yar'uwarta ta Farisa, ita ma mace ce a bakin mai Urdu, haka nan tegh, wani sunan na takobi. Shivaji, wanda ya kafa daular Maratha a ƙarni na 17, sunan abar bautarsa, Bhavani, ya raɗa wa takobinsa. Namijin gidan shi ne khanda.

Khanda ne ɗan ƙasa na asali: miƙaƙƙe, mai faɗi, wajen kansa ya fi wajen gindinsa buɗewa, kuma siffarsa na nan a hannun mutum-mutumin dutse a tsofaffin wuraren bauta. Lanƙwasar daga arewa ta zo, tare da mahayan Turkawa na tsakiyar Asiya, mutanen da rayuwarsu take bisa sirdi. Mahayin da ke cikin sukuwa ba shi da lokacin tsayawa ya cire takobi daga jikin wanda ya sara. Yana son ƙarfen da zai taɓa ya wuce, doki bai rage gudu ba. Sarakunan Turkawa sun zauna a Delhi tun 1206, sannan a 1526 Babur ya karya Ibrahim Lodi a Panipat ya kafa daular Mugal, kuma a zamanin zuriyarsa ne talwar ta zama takobin kowa, Musulmi da Rajput da Maratha. Maƙerin Indiya ya karɓi lanƙwasar baƙo, amma bai kai ta inda shamshir ta kai ba, ya bar wa ruwan ɗan faɗi, sannan ya dasa shi a ƙotar gida. Abul Fazl, marubucin fadar Akbar, sarkin Mugal, ya faɗa a littafinsa Ain-i-Akbari cewa makaman sarki kowanne da sunansa da matsayinsa, kuma akwai takubba 30 na musamman, kullum ana kai ɗaya ɗakin barcin sarki a dawo da na jiya. Wata guda ke nan kafin kwana ya zagayo kan kowanne.

Ƙotar nan ita ce sa hannun Indiya a kan abin, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Ƙarfe ce zalla, gajeruwa, tsakiyarta ta ɗan kumbura don ta cika tafi. A sama akwai ƙaho biyu gajeru da suka gitta, da harsuna biyu da suka sauka kan ruwan suna kama bakin kube. A ƙasa ga faifan nan. Wanda ya fara riƙe ta sai ya ga kamar an yi ta ne don hannun yaro, domin matse hannu take yi tsakanin ƙahonin da faifan, kuma da mutum ya nemi karya wuyan hannu ya miƙar da takobin gaba, gefen faifan zai tokare shi. Da gangan aka yi haka. Faifan malami ne marar magana: yana hana wuyan hannu wasa, ya tilasta wa kafaɗa da ƙugu su yi aikin, ta yadda kaifin zai zo a karkace ya ja a kan abin da ya taɓa. Ruwan kuwa ba da ƙusa aka fi kafa shi ba. Wani danƙo ne da ake kira lakh, wanda wasu ƙananan ƙwari ke tarawa a rassan itatuwa, ake narkawa a zuba cikin ƙotar a cusa wutsiyar ruwan. In an gasa ƙotar, danƙon ya saki, sai a zare wannan ruwan a sa wani. Saboda haka ƙota ɗaya takan ga ruwa uku, ruwa ɗaya kuma yakan ga ƙotoci na kaka da ɗa da jika. Masu kuɗi sukan sa a yi mata koftgari, wato a karce ƙarfen da wuƙa sannan a danna zaren zinariya ko azurfa cikin karcen, aikin da har yau ake yi a Udaipur.

Hausa ta raba abin da hannu ke yi da ƙarfe raba mai kyau. Akwai sara, akwai suka, akwai yanka. Sara na gatari ne da adda, nauyi ne ke faɗowa. Suka na mashi ne. Yanka kuwa sai an ja, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa kan mai kilishi yana shimfiɗa tsoka ɗaya ta zama kamar mayafi ya san ƙarfi ba shi ne ke yin aikin ba. Talwar ta yanka ce. Lanƙwasar tana sa ɗan wuri kaɗan na kaifin ya fara taɓawa, saura ya biyo baya yana zamewa, kamar yadda rafi ke cin gaɓa yana tafiya.

Wani hafsan dawakin Ingila, Kyaftin Lewis Nolan, ya ba da labari a littafinsa na 1853 kan yaƙin dawaki. Ya karanta rahoton likita kan raunukan da mahayan Nizam, sarkin Hyderabad, suka yi wa abokan gaba a wata arangama, hannuwa da ƙafafu a guntule, abin da bai saba gani daga takubban sojan Ingila ba. Da ya je ya duba makaman, sai ya tarar ruwan tsofaffin takubban Ingila ne da aka daina amfani da su, an sa musu ƙotar gida, an wasa su kamar aska, an ajiye su cikin kuben katako. Sojan Ingila a kuben ƙarfe yake zura nasa, kowace zarewa tana cin kaifin. Da ya tambayi wani tsohon mahayi irin horon da ake ba su, amsar ta tsaya ne a kan kaifi kawai. Nolan ya mutu shekara guda bayan fitar littafin, a sukuwar dawaki ta yaƙin Balaklaba a 1854. Abin da ya riƙe ni a labarin shi ne ƙarfen ɗaya ne, daga masana'anta ɗaya, amma a hannu ɗaya sanda ne mai sheƙi, a ɗayan kuma talwar.

To, ga ruwan. Farisanci shi ne harshen fada da shari'a da waƙa a Indiya ta Mugal, kuma a Farisanci ruwa ab ne. Wannan kalma ita ce dai ake faɗa wa ƙyallin lu'ulu'u, ita ce kuma ake faɗa wa ƙyalli da nagartar ƙarfen takobi. Takobi mai kyau abdar ne, mai ruwa. Wanda ya dushe an ce ruwansa ya tafi. Mai Hindi ya ɗauki ma'anar ya zuba ta cikin kalmarsa ta gida, pani, har ya kan yaba takobi da cewa yana da pani. Daga ab ɗin nan ne kuma aka samu abru, ruwan fuska, wato mutunci. Nan na ajiye littafin na yi shiru, domin mu ma ai zubar da mutunci muke cewa. Ba mu ce an karya shi ko an yaga shi ba. Zubewa yake yi, kuma abin da ya zube a ƙasa kowa ya san wuyar kwasarsa. Mutumin da ya rayu cikin wannan harshe, ruwan fuskarsa da ruwan takobinsa suna ɗaya gare su, kuma ba abin mamaki ba ne in ya ɗauka da ɗayan ake tsare ɗayan.

Kaifin kansa a Hindi dhar ne, kuma dhar ita ce igiyar ruwa mai gudu, ko zaren madara da ke sauka daga hantsa zuwa ƙwarya. In aiki ya yi tsanani, ba damar karkata dama ko hagu, sai su ce tafiya ce a kan dhar ta talwar. Farisanci kuma ya ce wa kaifin dam, kalmar da ke nufin numfashi. Sai kuma wata magana da ta fi duk waɗannan sanyaya jiki. Ghat shi ne matakalar dutse da ke sauka cikin kogi, inda ake wanka da wanki, inda ake shiga kwalekwale, inda kuma mabiya Hindu ke ƙona gawa. In an kashe mutum da takobi, sai a ce an saukar da shi a ghat ɗin talwar. Takobin ya zama kogi ke nan, mai riƙe da shi ya zama ɗan fito, wanda aka sara kuma fasinja ne da aka tsallakar. Kafin mu ce wannan taushin baki ya yi yawa, mu tuna abin da muke faɗa ranar layya: rago ya sha wuƙa.

Me suka gani a ƙarfen har suka yi ta kiran ruwa? Akwai amsar da ido ke iya tabbatarwa. A jikin mafi tsadar takubban akwai wani zane da ba hannu ne ya zana shi ba, layuka farare da baƙaƙe suna murɗewa suna haɗuwa suna rabuwa, kamar fuskar tafki in iska ta shafe ta. Sunan zanen jauhar, kalmar da ta tashi daga gauhar ta Farisa ta bi ta Larabci, ita ce kuma ta iso mana a matsayin jauhari. Masana sun ba kowane salo suna. Akwai wanda layukansa ke gittawa daki-daki daga gindi zuwa tsini, ana ce masa tsani mai hawa arba'in. Al-Kindi, masanin Bagadaza na ƙarni na 9, ya rubuta risala sukutum a kan takubba da ire-iren wannan zane, Al-Biruni ma ya yi magana a kansa. Ba kowace talwar ke da jauhar ba. Ta talakan soja ƙarfe ce kawai, kuma ita ta fi yawa nesa ba kusa ba. Amma harshe daga mafi kyawun abu yake ɗebo kalmominsa, ya raba wa saura.

Ƙarfen daga kudancin Indiya da Siri Lanka yake fitowa. A Kodumanal, cikin jihar Tamil Nadu, an tono burbushin sana'ar da ya haura shekara 2000. Ana ɗaukar gutsattsarin ƙarfe a zuba cikin 'yar tukunyar yumɓu da ba ta fi dunƙulen hannu biyu ba, a haɗa da ɓaɓɓakun itace da ganye, a liƙe bakin da laka, a jera tukwanen cikin gawayi a yi ta zuga sa'o'i. Ƙarfen yakan sha baƙin itacen har ya narke, sannan a bar shi ya huce a hankali, a fasa tukunyar a ciro curi kamar ƙwai da aka raba biyu. Daga nan sauran aikin na maƙeri ne, kuma aiki ne na haƙuri, domin in wutar ta wuce ja ta nufi fari, zanen ya tafi, curin ma yakan farfashe a ƙarƙashin masaba. Ƙauyen Konasamudram na yankin Golkonda ya shahara da waɗannan curarruka, fatake na Farisa suna zuwa har can su saya, kuma matafiyin Faransa Tavernier ya ambaci ƙarfen Golkonda a ƙarni na 17. Turawa da suka haɗu da takubban a kasuwannin Sham sai suka laƙaba wa ƙarfen sunan Dimashƙa.

Larabawa sun riga su sanin gaskiyar asalinsa. Tun zamanin jahiliyya, ɗaya daga cikin sunayen takobi mai daraja a Larabci shi ne muhannad, wanda aka yi da ƙarfen Indiya. Almajirin da ya zauna gaban malam a zaure ya karanci Banat Su'adu ta Ka'abu bin Zuhairu ya riga ya gamu da kalmar, a baitin da mawaƙin ya yabi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Takubban wancan zamani miƙaƙƙu ne, talwar ba ta zo duniya ba tukuna, amma ƙarfen da za a yi ta da shi ya riga ya shiga waƙa, waƙar kuma ta ƙetare Sahara ta zauna a zaurukanmu. Turawan Ingila su kuma sun ji mutanen kudu suna cewa ukku, ko urukku, abin da aka narkar, kunnensu ya juya shi ya koma wutz, kuma da wannan suna George Pearson ya gabatar da bincikensa a Landan a 1795. Michael Faraday, wanda shi kansa ɗan maƙeri ne, ya shafe shekaru wajajen 1820 yana neman sirrin bai kama shi ba. Kafin ƙarni na 19 ya ƙare, tukwanen sun huce. Ƙarfen Ingila mai araha ya cika kasuwa, fadojin da ke sayen takubba sun rushe ko sun talauce, 'ya'yan masu sana'ar sun kama wata hanya. Sai a shekarun 1990 wani masanin ƙarafa, John Verhoeven, da wani maƙeri, Alfred Pendray, a Amurka, suka nuna cewa ɗan ɓurɓushin wasu sinadarai irin su banadiyam, da ke cikin tamar wasu wurare, shi ke sa layukan su jeru. Ina jin zafin wannan rashi. Ilimi ne na ƙarnuka ashirin da ke cikin idon mutanen da ke gane zafin wuta daga launinta, ya ɓace cikin tsatso biyu ko uku ba tare da an yi masa ko zaman makoki ba.

Akwai wata jauhar ɗin dabam a Rajasthan, asalinta dabam, sautin ne kawai ya zo ɗaya. Ita ce wutar da matan Rajput kan faɗa ciki gaba ɗaya in birni ya tabbata zai faɗi, mazan kuma su sa tufafi masu launin rawaya su buɗe ƙofa su fita da takubba ba da niyyar dawowa ba. An yi haka a Chittor a 1535, aka sake yi a 1568 lokacin da Akbar ya ci birnin, Akbar ɗin nan dai mai takubba 30. Wanda ya san kalmomin biyu ba zai iya jin ɗaya bai ji ƙaurin ɗayar ba.

Ruwa ba ya sanin iyaka, na takobi ma haka. Bayan Turawan Fotugal sun kama Goa a 1510, ruwan takubba na Turai ya riƙa shigowa ta gaɓar yamma, da yawansa ƙirar Solingen ta Jamus. Maratha suka so dogayen miƙaƙƙun, suka sa musu ƙotar gida, suka kira takobin firangi, wato Bature, daga tsohon sunan da Gabas ta san 'yan Turai da shi tun yaƙe-yaƙen Ƙudus. Wannan garin na Solingen shi ne kuma ya ciyar da kasuwarmu. Heinrich Barth, da ya iso Kano a 1851, ya tarar ana shigo da ruwan takubba daga can ta hamada, maƙeran gari suna yi musu ƙota, dukawa suna yi musu kube. A Indiya da nan duka, maƙeran gida sun koyi buga tambarin Turai a kan ƙirarsu don mai saye ya yarda. Ƙila curi ɗaya aka raba, rabi ya zama firangi a hannun mahayin Maratha, rabi ya zama takobin barde a Kano.

Takobin da aka ɗauko daga ɗakin barcin Tipu Sultan na Mysore, bayan an kashe shi a Seringapatam ranar 4 ga Mayu 1799, irin wannan gauraye ne: ruwa miƙaƙƙe da maƙeran Mugal suka ƙera bisa samfurin Jamus, ƙota irin ta talwar da aka rubuta wa sunayen Allah da zinariya. Sojojin da suka ci birnin suka ba Janar David Baird. A watan Mayu na 2023 aka yi gwanjonsa a Landan a kan fam miliyan 14. Mutumin da ke kwana da shi kusa da kansa ya mutu yana kare ƙofar birninsa, kuma ban iya karanta wannan adadi ba tare da na tuna hakan ba.

Ab ɗin nan tana cikin sunan wata ƙasa ma. Punjab, panj ab, ruwa biyar, saboda koguna biyar da suka ratsa ta. A can ne takobi ya sami ma'anar da ta fi kowace nauyi. A 1606 Guru Arjan, jagora na biyar na mabiya addinin Sikh, ya mutu a tsare a Lahore zamanin sarki Jahangir. Ɗansa Hargobind, yana yaro, da aka zo naɗa shi sai ya ɗaura takubba biyu, ɗaya miri ɗaya piri. Miri daga amir take, mulkin duniya. Piri daga pir, shehun ruhi. Mutanen Indiya suna da karin magana cewa talwar biyu ba sa zama a kube ɗaya, shi kuwa ya ɗaura biyu a jiki ɗaya, kuma su ne takubba biyu masu lanƙwasa da ke rungume da khanda a tambarin Sikh na yau. A 1699, a Anandpur, Guru Gobind Singh ya fito gaban taro da takobi tsirara ya nemi wanda zai ba da kansa, mutum biyar suka miƙe ɗaya bayan ɗaya. Da zai shigar da su sabuwar jama'ar Khalsa, ruwa ya zuba a kwanon ƙarfe, aka sa sukari, ya dama da khanda, ya ba su suka sha, sannan ya roƙe su su ba shi shi ma. Har yau haka ake yi.

Takobin da kowane ɗan Khalsa ke ɗauka, babba ne ko ɗan ƙarami, sunansa kirpan. Masana harshe sun mai da kalmar ga wani tsohon sunan takobi a Sanskirit. Masu ɗaukarsa kuwa sukan raba ta biyu, kirpa da an, jinƙai da mutunci. Na san wannan fassara ba ta nahawu ba ce, amma ina girmama ta, domin wa'adi ce da mutum ke ɗaukar wa kansa duk safiya in zai rataya ƙarfen. Suna kuma haɗa tegh da deg, takobi da tukunya, ɗaya don kare wanda aka zalunta, ɗaya don ciyar da mai yunwa, kuma tukunyar ba magana ce kawai ba, duk wanda ya shiga wurin ibadarsu zai ci abinci kyauta ko wane ne shi.

Bayan boren da aka yi wa Turawan Ingila a 1857, wanda Rani Lakshmibai ta Jhansi ta mutu a cikinsa a 1858 kusa da Gwalior tana bisa doki, Turawan mulki suka shiga kwashe makamai. Dokar makamai ta 1878 ta hana ɗan Indiya riƙe takobi sai da lasisi, ta kuma ɗauke wa Bature wannan sharaɗi. Ƙarfen ya koma bango da ƙarƙashin gado, sunan ya ci gaba da yawo. Makarantar koyon aikin sadarwa ta sojan ruwa a Bombai, wadda ke kan tudu, Talwar aka sa mata, kuma daga cikinta ne ranar 18 ga Fabrairu 1946 ƙananan sojoji suka ƙi cin abinci suka ƙi aiki, saboda mugun abinci da zagin da hafsoshi ke yi musu. Cikin kwanaki kaɗan boren ya kama jiragen ruwa fiye da 70.

Shekara ɗaya da rabi bayan haka aka raba ƙasar zuwa Indiya da Pakistan, layin ya bi ta tsakiyar ruwa biyar ɗin. Abin da ke ƙarƙashin gado ya fito. A ƙauyukan Punjab na 1947, Musulmi da Hindu da Sikh sun kashe juna da talwar da kirpan da gatari da mashi, an tare jiragen ƙasa cike da masu gudun hijira sun isa tasha ba mai numfashi, dubban ɗaruruwa sun mutu, miliyoyi sun bar gidajensu. Waɗanda aka saukar a wannan ghat ɗin ba mahaya ba ne masu garkuwa. Tsofaffi ne da mata da yara, maƙwabtan da aka sha ruwan rijiya ɗaya da su. Ina son kalmomin nan, ab da dhar da jauhar da kirpa, na kuma shafe wannan rubutu ina juya su a hannu, amma ba ɗaya daga cikinsu da ta tsayar da hannun kowa a wannan shekara. Wanda ya yi hakan, inda aka samu, mutum ne da ya ɓoye maƙwabcinsa a rumbu, kuma an samu irinsu a kowane ɓangare.

Duk da haka ƙasashen biyu ba su saki takobin ba. Tsarin mulkin Indiya na 1950, a sashe na 25, ya ambaci kirpan da sunansa ya ce ɗaukarsa na cikin addinin Sikh. A Pakistan, Zulfikar Ali Bhutto, wanda sunansa ma na takobi ne, da alamar talwar jam'iyyarsa ta shiga zaɓen 1970, kuma a unguwar Clifton ta Karachi akwai dogayen takubba uku na farin dutse da kowane direba ya sani da Teen Talwar. A lokacin bikin Dasara ana wanke makamai a sa musu furanni. Ango a Rajasthan da Punjab har yau da talwar yake hawa doki zuwa gidan amarya, kuma a da, a wasu gidajen Rajput, in ango bai samu zuwa ba, takobinsa ake aikawa a ɗaura auren da shi. Yawancin na angwayen yanzu dakusassu ne, zanen jikinsu kuma na inji ne.

Akwai mutanen da ake kira Sikligar, daga saiƙal ta Larabci, gogewa. Kakanninsu ne ke wasa takubban rundunoni suna fito musu da ruwa. Yau da yawansu suna zaune a gefen garuruwa cikin talauci, suna ƙera wuƙaƙen girki da kwanoni, suna yawo da dutsen washi. Aikin kakannin nasu yana da wani mataki da nake yawan tunawa. In aka goge ƙarfen jauhar da dutse mai laushi, zanen ɓacewa yake yi ɗungum, ruwan ya koma fari fat kamar madubi, har mai shi ya ɗauka an cuce shi. Takubba da yawa da aka kwashe zuwa Turai haka aka yi ta goge su don su yi sheƙi a bango, suka shekara ɗari ba wanda ya san abin da ke jikinsu. Mai sana'ar yakan wanke maiƙon tas, ya jiƙa tsumma da wani ruwa mai ɗan tsami, ya shafa daga gindi zuwa tsini, ya jira. Ƙarfen ya fara dushewa, ya yi toka-toka, sannan layukan su taso ɗaya bayan ɗaya daga inda suke tun ranar da aka fasa tukunyar. Sai ya ɗauraye, ya shafa mai, ya karkata shi wajen haske ya miƙa wa mai shi.